Mallakar Wayar Salula a Gubuchi da Kewaye: Bayani Kan Layi, Manhaja da Tsare Sirri

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwa a Gubuchi ko Makarfi, ko Ikara ko Hunkuyi, zai shaida cewa wayar salula ta shiga sahun kayan aikin manomi, kamar fartanya da lauje. Da ita ake jin farashin masara a Dawanau kafin a ɗinke buhu, da ita ake kiran direban da zai ɗauki rake ko kwandunan tumatir, kuma ta cikinta ne kuɗin ciniki ke shigowa bayan an sauke kaya a Kano ko Legas. Haka zalika, da ita ake sanar da haihuwa da rasuwa, da ita kuma ake neman mota cikin dare idan naƙuda ta zo da gardama.

Sai dai kuma mun lura cewa da yawa daga cikin jama'armu har yanzu suna ɗaukar waya a matsayin abin kira da amsawa kawai, alhali kuwa ɗan ƙaramin katin sim da ke cikinta yana ɗaure da sunan mutum, da lambarsa ta ɗan ƙasa, da asusunsa na banki. Idan waya ta lalace ana iya sayen wata bayan kaka. Amma idan layi ya faɗa hannun mugu, gumin shekara guda na iya salwanta kafin gari ya waye. Domin haka ne muka shirya wannan bayani ga mazauna karkara, da masu unguwanni, da dagatai, da jami'an ƙananan hukumomi, a kan yadda za a riƙe waya, a magance matsalolinta, a kuma tsare sirrin da ke cikinta.

Taƙaitaccen Tarihi

Kafin shekarar 2001, layukan tarho da kamfanin NITEL ya samar a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma akasarinsu a ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali na birane suke. Mutumin ƙauye da ke son isar da saƙo sai ya rubuta wasiƙa, ko ya ba direba sallahu, ko ya tashi takanas ya je. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka a kan dalar Amurka miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin, layi kaɗai yakan kai naira dubu 20, minti ɗaya na magana kuwa naira 50 ne, ko da mutum gaisuwa kawai ya yi ya kashe.

A shekarar 2003 kamfanin Globacom ya shigo da tsarin lissafi da daƙiƙa, abin da ya tilasta wa sauran kamfanoni sauke farashi. Econet ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya fara aiki a 2008, ya koma 9mobile a 2017. Sannu a hankali turakun sadarwa suka bazu daga birane zuwa ƙauyuka, wayoyi masu araha masu ɗaukar layi biyu irin su Tecno da Itel suka cika kasuwa, har ya kai ga a shekarar 2025 layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 160.

A cikin waɗannan shekaru ne aikin waya ya sauya. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara raba takin zamani mai rangwame ta hanyar aika wa manoma saƙo a waya. A 2014 aka ƙaddamar da lambar tantancewa ta banki, wato BVN, wadda ke haɗe da lambar wayar mai asusu. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, har masu sayar da rake da mazarƙwaila sai da suka koma karɓar kuɗi ta waya. A wannan shekara kuma Gwamna Uba Sani ya sa hannu a kan umarnin zartarwa na shigar da masu ƙaramin ƙarfi cikin tsarin banki a Jihar Kaduna. Ta haka ne waya ta tashi daga abin gaisuwa ta zama ma'ajiyar dukiya.

Layi da Sunan Wa?

Tambaya ta farko da ya kamata kowane mai waya ya yi wa kansa ita ce: da sunan wa aka yi wa layina rajista? An fara rajistar layuka a 2011, kuma hukuma ba ta ɗauki lamarin da wasa ba, domin a 2015 NCC ta ci kamfanin MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka fiye da miliyan 5 da ba su da cikakkiyar rajista, kafin daga baya a daidaita a kan naira biliyan 330. A watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda hukumar NIMC ke bayarwa, kuma wa'adin ƙarshe ya cika a watan Satumba na 2024, inda aka rufe layukan da ba su cika sharaɗi ba.

Ma'anar wannan ita ce, a idon hukuma mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke kan layin, ba wanda wayar ke aljihunsa ba. Wannan yana da illa ta fuska biyu. Ta farko, wanda ke amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan ɗansa, ko maƙwabcinsa, ko wani da bai sani ba, ranar da layin ya ɓata ba zai iya dawo da shi ba sai wancan mutumin ya bayyana a ofis da kansa. Ta biyu, wanda ya ba da aron NIN ɗinsa aka yi wa wani rajista, duk laifin da aka aikata da layin, ko barazana ce ko neman kuɗin fansa, ƙofar gidansa jami'an tsaro za su fara ƙwanƙwasawa. Sayen layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi laifi ne ga mai saye da mai sayarwa.

Muna jawo hankalin magidanta musamman game da iyalansu. Mata da yawa a karkara suna riƙe da layukan da ke ɗauke da sunan mazajensu ko 'yan'uwansu, kuma da waɗannan layuka suka buɗe asusun da suke tara kuɗin adashi da na sana'a. Idan rasuwa ta auku ko aure ya mutu, dawo da irin wannan layi yakan zama wahala babba. Abin da ya fi dacewa shi ne kowace mace baliga ta mallaki NIN nata, a yi wa layinta rajista da sunanta. Yin rajistar NIN a karon farko kyauta ne.

Har ila yau, a sani cewa layin da aka ajiye watanni masu yawa ba a sa masa kati ba, ba a kira ba, ba a amsa ba, kamfani yakan rufe shi, daga baya ya sayar wa wani da lambar. Idan asusun banki na haɗe da wannan lamba, sabon mai layin ne zai riƙa samun saƙonnin shigar kuɗi da fitarsu. Saboda haka duk wanda ya daina amfani da wata lamba, lallai ya je banki ya sauya ta.

Sayen Waya

Ko a Sabon Garin Zariya aka sayi waya, ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko a hannun wani a ƙauye, akwai abubuwan da bai kamata a yi sakaci da su ba. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ke bayyana idan aka danna *#06#. A gwada ta da wadda ke jikin kwali, a tabbatar an rubuta ta a kan rasit, sannan a adana rasit da kwalin tare da muhimman takardun gida. Da wannan lamba ce jami'an tsaro ke bin sawun wayar da aka sace.

Wannan ne kuma ya sa sayen tsohuwar waya a hannun wanda ba a sani ba yake da haɗari. Mai saye yakan ga araha ya yi murna, sai bayan watanni a biyo sawun wayar a same ta a hannunsa, alhali wanda ya sayar masa ya yi layar zana. Karɓar kayan sata laifi ne a ƙarƙashin dokar final kod ta Jihar Kaduna. Idan za a sayi waya ta hannu, a saya wurin wanda aka san gidansa, a gaban shaidu, a kuma rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar IMEI.

Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa da shi. Babbar waya mai tsarin Android tana buƙatar adireshin imel na Google kafin ta yi cikakken aiki, kuma sau da yawa yaron shago ne ke buɗe wa mai saye adireshin, ya sa lambar sirrin da shi kaɗai ya sani. Mai waya zai tafi gida ba tare da ya san sunan adireshin ba. Ranar da aka wanke wayar, za ta nemi wannan adireshi da lambar sirrinsa kafin ta buɗe, kuma idan ba a same su ba, ita da dutse duk ɗaya. Don haka a sa mai buɗewa ya rubuta su a takarda nan take, daga baya a sami amintaccen ɗa ko ɗan'uwa ya taimaka a sauya lambar sirrin.

Hannayen da Waya Ke Bi

A birni mutum yakan yi cajin wayarsa a ɗakinsa. A karkara kuwa, saboda ƙarancin wutar lantarki, waya takan bi ta hannaye da yawa a mako guda: mai caji, mai tura fina-finai da karatu, mai gyara, mai POS, da yaron da ake kira ya karanta saƙo. Akasarin waɗannan bayin Allah masu neman halaliyarsu ne, kuma suna yi wa al'umma hidima. Amma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsaro bai zama zargi ba.

A wurin mai caji, a kashe wayar kafin a miƙa, a karɓi lambar shaida, idan kuma da hali a cire sim da memori a riƙe a aljihu. Wanda ke da ƙaramar waya mai cire batir, ya miƙa batirin kaɗai ya wadatar. A wurin mai tura fina-finai, a tsaya a ga abin da ake turawa, domin kwamfutar da ake jona wa wayoyi da memori na mutane barkatai takan zama matattarar ƙwayoyin cutar manhaja, kuma duk hoton da ke cikin memori ana iya kwafe shi cikin ƙiftawar ido. A wurin mai gyara, a cire sim da memori, kuma idan gyaran na fuska ne ko na wurin caji, babu dalilin da zai sa a ba da lambar buɗe waya sai lokacin gwaji, a gaban mai ita.

A wurin mai POS, mai kati ne ya kamata ya danna lambar sirrinsa da hannunsa, yana kare ta da ɗaya hannun. Al'adar miƙa kati a faɗi lamba da baki a gaban jama'a, ko rubuta lambar a bayan kati, ita ce hanya mafi sauƙi da ake kwashe wa mutane kuɗi. Dattawan da ba su iya karatun boko ba, su zaɓi mutum ɗaya tak da suka amince da shi daga cikin iyalinsu, maimakon kiran duk yaron da ya gifta.

Matsalolin Manhaja da Maganinsu

Manhaja ita ce tsarin umarnin da ke tafiyar da waya, kamar yadda direba ke tafiyar da mota. Yawancin ƙorafin da ake yi cewa waya ta lalace, ba ƙarfen wayar ne ya sami matsala ba, manhajar ce, kuma da yawa ana iya magance su a gida ba tare da an kashe ko kwabo ba.

1. Nauyi da sanƙarewa. Mafi yawan lokuta cikar ma'ajiya ce ke jawo su. Zaurukan WhatsApp suna sauke hotuna da bidiyo da kansu dare da rana, har wuri ya ƙare. A shiga saitin WhatsApp a hana saukar da kaya kai tsaye, a goge abin da ba a buƙata, a cire manhajojin da ba a amfani da su, sannan a kashe wayar a sake kunnawa.

2. Saurin ƙarewar data. Manhajoji sukan sabunta kansu a ɓoye, bidiyon Facebook da TikTok kuma suna cin data fiye da komai. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashin kira da data a watan Janairu na 2025, wannan asara ta ƙara nauyi. A kashe data idan ba a amfani da ita, a kuma kunna tsarin tsimin data da ke cikin saitin waya.

3. Tallace-tallace masu faɗowa da kansu. Wannan alama ce ta muguwar manhaja, wadda galibi ke shiga ta hanyar turawa daga waya zuwa waya, ko ta latsa wani adireshi da aka turo a saƙo. A riƙa sauke manhaja daga Play Store kaɗai. Jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp ba na kamfanin ba ne, babu tabbacin inda saƙonnin mutum ke zuwa, kuma kamfanin yakan rufe lambar mai amfani da su.

4. Manhaja ta ƙi buɗewa. Wani lokaci kwanan wata da agogon waya ne suka gauraye bayan an cire batir, da zarar an gyara su sai ta buɗe. Wani lokaci kuma wayar ce ta tsufa, domin tun daga watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5 ba. Irin wannan ba ta da gyara, kada a ɓata kuɗi.

5. Cire kuɗin kati babu dalili. Sau da yawa mutum ya danna amincewa ne da wani tsarin waƙa ko wasa ba tare da ya sani ba. A kira 300 a nemi a soke shi. Domin dakatar da saƙonnin talla kuwa, a rubuta STOP a aika zuwa 2442, tsarin da NCC ta fito da shi a 2016.

Game da wanke waya, wanda masu gyara ke kira filashin, ya kamata jama'a su fahimci cewa yana share duk abin da ke cikinta: lambobi, hotuna, saƙonni da bayanan bashi. Shi ne matakin ƙarshe, ba na farko ba. Kafin a yarda da shi, a tabbatar an adana lambobi a asusun Google ko a sim, kuma muna ba da shawarar kowane gida ya ajiye ɗan littafi da aka rubuta muhimman lambobi a ciki, domin takarda ba ta buƙatar caji. Haka nan batirin da ya kumbura a daina amfani da shi nan take, kada kuma a kwana da waya tana caji a ƙarƙashin matashi.

Hanyoyin 'Yan Damfara

'Yan damfara ba sa fasa waya da ƙarfi, mai wayar suke lallaɓawa ya buɗe musu da kansa. Wani zai kira da muryar girmamawa, ya ambaci cikakken sunan mutum, ya ce daga banki yake, za a rufe asusu idan ba a faɗi lambobin da ke jikin kati ba. Wani zai ce sunan mutum ya fito a tallafin taki ko bashin noma, amma sai ya tura kuɗin fom. Wani kuma zai ce shi ɗan zauren ƙungiya ne, an shirya taro, a karanto masa alƙaluma shida da suka shigo yanzu. Waɗannan alƙaluma su ne mabuɗin WhatsApp na mutum, kuma da zarar an faɗe su sai a ƙwace shafin, a shiga roƙon kuɗi wurin 'yan'uwa da abokai da sunansa.

Ƙa'idar guda ɗaya ce, kuma ba ta da togiya: babu banki, babu kamfanin waya, babu ma'aikatar gwamnati da za ta kira mutum ta nemi lambar sirrinsa ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne, a kashe waya. Masu WhatsApp su kunna tsarin tabbatarwa mai mataki biyu da ke cikin saiti. 'Yan kasuwa kuma kada su saki kaya saboda an nuna musu saƙon tura kuɗi a wayar mai saye, sai sun duba asusunsu sun ga kuɗin sun zauna, domin akwai saƙon bogi.

Bugu da ƙari, muna gargaɗi game da manhajojin ba da rance cikin minti biyar. Wasu daga cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi, su riƙa aika wa surukansa da malamansa saƙon cin mutunci idan ya yi jinkirin biya. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, wato FCCPC, ta fara yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista a 2022, kuma a 2023 Google ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan jama'a. Duk da haka, waɗanda ake turawa ta bayan fage ba sa bin wannan doka.

Sirri a Gida da Gaban Doka

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na tarho. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta wa duk mai karɓar bayanan mutane ya yi amfani da su a kan abin da aka karɓe su dominsa kaɗai. Akwai kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da ta tanadi hukunci a kan damfara, da sojan gona, da barazana ta waya. Tun kafin waɗannan dokoki, addininmu da al'adarmu sun hana bin diddigin asirin mutane da yaɗa abin da ba a tabbatar ba.

Saboda haka ɗaukar muryar mutum a ɓoye a watsa, ko tura hoton matar wani ko 'yar wani a zaure, ko ɗaukar hoton mara lafiya ko gawa a wurin haɗari, abubuwa ne da ke raba zumunci, wasu kuma suna kai mutum gaban alƙali. Abin da ya fita daga waya ba ya dawowa. Iyaye su ja kunnen 'ya'yansu, musamman 'yan mata, kada su tura wa kowa hoton da ba za su so mahaifinsu ya gani ba, komai alƙawarin da aka yi musu. Wanda zai sayar da wayarsa ko ya kyautar, ya cire asusunsa na Google, ya cire memori, sannan ya wanke ta tas.

Idan Waya Ta Ɓata

Rigakafi ya fi magani. Tun kafin a yi asara, a sa wa waya makulli, a kuma sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, domin ɓarawo ba ya wahalar da kansa da buɗe waya, sim yake cirewa ya sa a wata. A sauya lambar da kamfani ya sa tun asali zuwa wadda mai layi kaɗai ya sani, ban da shekarar haihuwa ko 1234. A lura cewa idan aka yi kuskuren lambar sau uku layin zai nemi lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim daga ciki, idan kuma aka yi kuskuren PUK sau goma sim ɗin ya mutu. Saboda haka a adana wannan kati.

Idan ƙaddara ta faɗa, ga matakan da za a bi, kuma a cikin sa'a ta farko, ko da dare ne:

1. A ari waya a rufe asusun banki. Bankuna suna da lambar gaggawa ta rufe asusu daga kowace waya. A tambayi banki tun yau, a rubuta ta a littafin gida.
2. A kira kamfanin waya a nemi a dakatar da layin.
3. A sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki kada su amsa roƙon kuɗi daga lambar.
4. A kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da rasit da lambar IMEI.
5. A je ofishin kamfani da NIN, da katin sim ko takardar rantsuwa ta kotu, a dawo da layin.

Kira Ga Shugabanni da Jami'ai

Masu unguwanni, dagatai, limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata su ne jama'a suka fi saurare, don haka muna roƙon su isar da wannan bayani a masallatai, da majalisu, da wuraren suna da ɗaurin aure. Idan wasu baƙi suka shigo gari suna tattara NIN da BVN da hotunan mutane da sunan tallafi, a nemi takardar shaidarsu, a kuma tuntuɓi sakatariyar ƙaramar hukuma a Makarfi, ko Ikara, ko Hunkuyi kafin a tara musu jama'a.

Jami'an da aikinsu ya shafi rubuta sunayen manoma ko masu cin gajiyar wani shiri su sani cewa jerin sunayen da ke hannunsu amana ce. Bai halatta a ɗauki hotonsa a tura a zauren WhatsApp ba, ko a bar shi a kan tebur, ko a ba ɗan siyasa ko ɗan kasuwa, domin daga irin wannan jeri ne ɗan damfara ke samun sunan da yake kiran mutum da shi. Masu sana'ar caji da gyara kuma su riƙa ajiye littafin shiga da fitar wayoyi, su guji karɓar aikin buɗe wayar da mai kawo ta ya kasa nuna shaidar mallaka.

Lambobi Masu Amfani

112: kiran gaggawa, kyauta.
300: sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin waya.
622: kai ƙara ga NCC idan kamfani bai share wa mutum hawaye ba, kyauta.
2442: dakatar da saƙonnin talla.
*310#: duba kuɗin kati.
*323#: duba ragowar data.
*346#: gano lambar NIN daga layin da aka yi rajista da shi.
*996#: duba matsayin haɗin layi da NIN.
*#06#: ganin lambar IMEI.

Kammalawa

Manomin da ya cika rumbu ba ya barin ƙofarsa a buɗe, ba ya kuma ba kowa mabuɗi don kunya. A yau wani kaso na abin da muke nomawa a cikin waya yake kwana. Muna fatan kowane magidanci zai zauna da iyalinsa a cikin wannan mako, a duba sunan da ke kan kowane layi, a sa wa kowane sim lambar sirri, a kuma rubuta lambar rufe asusu a littafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Jihar Kaduna da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.